Rigar Girkin Ajin Kawu

Kawu ya rasu da hantsi, ranar da Minna ta tashi da yayyafi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar ƙofar gidansa a Barkin Sale ta cika da tabarmi da takalma, 'yan acaba suna ta sauke mutane, masu keke napep suna neman inda za su juya. Ni ina cikin gida wajen mata, amma Mama, wadda ita ce ƙanwarsa, ta yi ta aikena waje da ruwan sha da butoci. Shi ya sa na ji abin da aka faɗa ciki, na ji wanda aka faɗa waje.

A ciki, wata tsohuwar ɗalibarsa da ta zo da goyo tana share hawaye tana cewa, "Allah sarki Malam. Shi ya koya mini wankan jariri, ko uwata ba ta nuna mini kamar yadda ya nuna mini ba." Ta ja hanci, ta gyara zaman goyonta. "Amma wallahi da mijina ne, da ban iya shiga unguwa ba."

Matan suka yi irin dariyar nan ta gidan makoki, wadda ake toshewa da bakin mayafi. Wata gwaggonmu da ta zo daga Kagara ta leƙa ɗakinsa, ta fito tana taɓe baki.

"Namiji ya mutu, a shiga ɗakinsa a tarar da tukwane a jere kamar ɗakin amarya. Wannan gadon wa za a ba?"

A waje abin ya fi muni. Wasu manyan maza ne zaune a gefen tabarma, masu gemu da tumbi, kowa da mukullin mota a hannu. Na gane su, tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne. Ina ajiye buta na ji ɗaya yana cewa, "Ashe Uwargida an tafi."

"Kai, rufa mana asiri. Ga ɗansa can."

"Ai addu'a nake yi. Allah ya sa can ma a ba shi kicin."

Suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Yaya, ɗan Kawu tilo, yana zaune kusa da su, ya ji sarai. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Na tsaya ina jira ya ɗago ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Bai ɗago ba. Tun muna sakandare nake jiran ranar da Yaya zai tsaya gaban mutane ya ce wannan ubana ne, kuma ga aikin da ya yi. Na koma ciki ina gaya wa kaina cewa kwanakin makoki ba su ƙare ba tukuna.

Kawu malamin tattalin gida ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, mai maza da mata. Darasin girki ke nan da ɗinki da tsafta da renon yara. A iya sanina, shi kaɗai ne namijin da ya taɓa riƙe wannan darasi a makarantar, kuma da kansa ya zaɓe shi. Mahaifiyarsu ta rasu a Kagara Mama tana rarrafe, shi yana ɗan saurayi. Shi ya goya ta, shi ya dama mata koko, a kanta ya koyi kitso. Mama takan ce na farkon da ya yi mata kamar kaji sun yi tono, amma na biyun har maƙwabta sai da suka tambayi wace ce ta yi. Da ya shiga kwalejin horar da malamai aka ce kowa ya zaɓi fanni, sai ya bi inda hannunsa ya riga ya sani.

Mutum ne siriri mai tafiya a hankali, kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Kullum akwai allura da zare soke a naɗin hularsa. Idan maɓallin rigarki yana lilo, a tsakiyar hanya zai tsayar da ke, ya ɗinke shi kina tsaye, ya ciji zaren, sannan ya amsa gaisuwarki. Daga bakin ƙofa yake jin ƙanshin tukunya ya ce, "Wannan miya an yi mata gaggawa." Idan lokacin sabuwar doya ya yi, yakan hau tsohon mashin ɗinsa har Garatu, ya durƙusa gaban tsibin doya yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, kamar mai sallama a ƙofar wani. Ina ƙarama na ɗauka doyar tana amsa masa.

Yana da wata magana da yake yawan maimaita mana a aji. "Mai shayi namiji. Mai tsire namiji. Tela namiji, mai burodi namiji. Sai an ce a yi wa mutanen gida, a nan ne hannun namiji yake karyewa." Yakan faɗe ta yana murmushi, yana goge tebur.

Iyayena sun kawo ni gidansa ne don in yi sakandare a Minna. Ranar farko a makaranta, wata yarinya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar gidan Uwargida?" Na ce ban san wata Uwargida ba. Ta nuna mini shi da baki, yana tsallaka filin makaranta da tire a hannu.

Idan ɗalibai suka kai ajin manya aka zo zaɓen darussa, kowa ya san hanyarsa tun ba a faɗa ba. Maza su tafi noma ko zanen gini. 'Yan matan da ke da kan lissafi a janye su zuwa kimiyya. Waɗanda suka rage a share su zuwa ajin Kawu, kamar yadda ake share ragowar tsaba zuwa lungu. Su kansu 'yan matan ba su ɗauki darasin da daraja ba. Ajin jiran miji suke kiransa. "Me za a koya mini da babu a kicin ɗin uwata?" Ni da na zaɓe shi da kaina, wata malama ta tare ni a baranda ta ce, "Ke ma? Da kanki mai kyau? Wannan ai asarar ƙwaƙwalwa ce."

Ranar gwajin girki ita ce ranar da makaranta take tunawa da mu. Ƙanshin albasa a cikin mai ya bi baranda ya shiga kowane aji, sai ka ga samari sun yi layi a tagoginmu, hannuwa sun shigo ta tsakanin gilasai.

"Uwargida, maigida ya dawo, ina abinci?"

"Uwargida, a ƙara yaji, kin san ba na son lami!"

Daga ofishin malamai ma kwanoni suke zuwa. Kawu ba ya hana kowa. "Yunwa ce take magana," yakan ce mana, "ku zuba musu." Su ci, su suɗe yatsu, sannan ɗaya ya tsuke ƙugu ya kwaikwayi tafiyarsa har ƙarshen baranda, saura suna tafi.

Sai kuma maganar rigar. Malamin horo na makarantar, wani dogon mutum da ba ya rabo da dorina, ya lura cewa samari sun daina tsoron bulala. A zane yaro da safe, da rana yana ɗaga riga yana nuna wa abokai shatar da alfahari. Sai ya fito da sabuwar dabara. A ajinmu akwai wata rigar girki, irin wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure a baya, rawaya mai manyan jajayen furanni da tattara a bakinta, wasu ɗalibai da suka riga mu ne suka ɗinka ta. Ya ɗauke ta ya rataye a ƙusa a ofishinsa. Duk namijin da ya yi laifi, a ɗaura masa ita, ya ratsa filin makaranta a cikinta, ya zo ya zauna a ajin Kawu har a tashi.

Dabarar ta ci. Na ga ƙaton saurayi, wanda yake dambe a unguwarsu, ya durƙusa yana roƙo, "Malam don girman Allah a zane ni. A zane ni a gaban kowa, na yarda." Shugaban makaranta ya yaba wa malamin horo a taron safe. Babu wanda ya tambayi Kawu ko ya yarda ajinsa ya zama gidan yari.

Shi kuwa yakan karɓe su kamar baƙi. "Bismillah, shigo. Ga ruwa can, wanke hannu." Ya ba yaro rariya ya tankaɗe fulawa, ko wuƙa ya fere doya, ya tsaya a bayansa yana gyara masa riƙo. Idan an sauke, kwanon farko na yaron ne. Wasu su ci a ɓoye, wasu su watsar ta taga don abokansu su gani. Wata rana yana goye da ni a mashin muna komawa gida, na ce, "Kawu, abin nan ba ya ƙona maka rai?"

Sai da muka wuce wani rami sannan ya amsa. "Ko ba komai sun shigo. Da ƙafarsu ba za su zo ba. Wani zai fita ya san ba a zuba wa wutar mai ruwa. Wata rana zai tsirar da gidansa."

Na yarda da shi, har na kwantar da kaina a bayansa ina jin babu mutumin da ya kai shi natsuwa a duk garin.

A gida kuwa wani Kawun ne daban. Ba ya taɓa tukunya. Matarsa, wadda muke kira Umma, ta gindaya wannan tun farkon aurensu. "A makaranta kai ne Uwargida," takan ce, ko a gabanmu, "a nan ni ce." Ya ci abin da ta dafa, ko gishiri ya zarce, bai ce uffan ba. Kuma ya kafa wa Yaya doka: kada ƙafarsa ta taka kicin.

Wata rana Umma tana kwance da zazzaɓi, ni da Yaya muka ɗora miyar kuɓewa. A gaskiya shi ya yi ta, ni miƙo masa kaya kawai nake yi. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce, "Daddawa ta yi kaɗan." Hancin ubansa ne sak. Muna cikin haka Kawu ya shigo. Ya fizge ludayin, ya sharara wa Yaya mari har sai da ya dafa bango. Ban taɓa ganin hannun nan ya daki wani ba sai ranar.

"Kada in sake ganinka a nan. Fita, je ka buga ƙwallo."

Da Mama ta zo ta ji labari, suka yi faɗan da ban taɓa ji sun yi ba. Ta ce, "Malam, abin da ka rene ni da shi ne kake dukan yaro a kai? Da ba ka shiga kicin ba da yanzu ina kabari."

Ya ce, "Ni na riga na saba. Shi bai saba ba, kuma ba na so ya saba."

"To ka bar aikin mana, in abin kunya ne."

Ya zare allurar hularsa ya duba tsininta, ya mayar.

Ranar da abin ya faru muna yin cincin. Yaya yana gaba da ni da aji ɗaya. A lokacin hutun tara wani yaro ya tare shi gaban jama'a ya ce, "Ɗan Uwargida, don Allah raba mana gardama. Cikin su biyun wace ce ta haife ka?" Yaya ya rufe shi da duka, ya fasa masa baki, shi ma aka fasa masa nasa. Ba a jima ba muka ji hayaniya tana tahowa. Malamin horo ne, riƙe da Yaya a wuyan riga, rigar furannin a ɗaya hannun, rabin makaranta a bayansu. Bai ɗaura masa ita a ofis kamar yadda ya saba ba. Ya taho da ita har ajinmu, yana washe baki.

"Malam, yau na kawo maka na gida. Kai da kanka za ka ɗaura masa."

Tagogi suka cika da kawuna har ɗakin ya yi duhu. Yaya yana tsaye, jini a haɓarsa, yana kallon ubansa. Babu tsoro a idonsa. Har yau ina iya rantsewa na ga ya ɗan ɗaga hannuwansa daga jikinsa, yadda mutum yake yi idan za a ɗaura masa abu. A kan ubansa ya yi faɗa, kuma a shirye yake ya sa rigar ubansa.

Hannun Kawu duk fulawa. Ya dubi rigar, ya dubi tagogin.

"A'a," ya ce.

"Me ka ce, Malam?"

"Ka zane shi. Ka yi masa bulala yadda ka ga dama. Ɗana ba zai sa wannan ba."

Mu duka 'yan ajin muna sanye da namu rigunan girkin, waɗanda shi ya koya mana yankawa da ɗinkawa. Na ga 'yan mata suna sunkuyawa suna kallon ƙirjinsu ɗaya bayan ɗaya. Malamin horo ya juya wajen tagogi ya ɗaga rigar sama.

"To kun ji da kunnenku. Mai ajin ma ya faɗa."

A barandarmu aka kwantar da Yaya. Muna jin saukar dorina, samari suna ihu suna kiran "Namiji! Namiji!" domin ko tari bai yi ba. Kawu ya juya mana baya ya ce, "Mai ya yi zafi, ku zuba." Muka zuba. Yana tsaye a kan kaskon da matsami a hannu har cincin ɗin ya yi baƙi, hayaƙi ya cika ɗakin, bai kwashe ba.

Washegari wata 'yar ajinmu, 'yar kudancin Kaduna da iyayenta suke aiki a Minna, wadda ta fi mu duka ƙoƙari kuma take burin karanta ilimin abinci a jami'a, ta zo da rigar girkinta a ninke, a goge. Ta ajiye a teburinsa.

"Malam, in duka ya fi wannan, mu ma a doke mu mu tafi."

Ta koma ajin kasuwanci. Wasu suka bi ta. Mu da muka rage muka ci gaba da zuwa, amma bai sake yi mana maganar mai shayi da mai tsire ba.

Yaya kuwa ya zama gwarzo. Waɗanda suke tsokanarsa jiya su ne suke jan shi zuwa filin ƙwallo. A gwajin girki na gaba na ɗaga kai na gan shi a taga a cikinsu. Da aka kwaikwayi tafiyar Kawu ya yi dariya tare da su. Da yamma a gida na tsare shi a bakin famfo, yana wanke takalmin ƙwallonsa. Bai bari na buɗe baki ba.

"Na fasa wa mutum baki a kan abin da mai shi ma kunyarsa yake ji. Ba zan sake wannan wautar ba."

Shekaru suka tafi. Kawu ya yi ritaya, aka ba wata malamar da take koyar da wani darasin daban ajinsa ta riƙa leƙawa, daga baya aka mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Yaya ya gama jami'a ya samu aiki a Abuja, ya yi mota, ya yi aure. Babu mai yi masa dariya. Abin da Kawu ya nema masa ke nan, kuma ya samu.

Bayan Umma ta rasu ne Kawu ya fara girki a gidansa. A hankali ya fara, kamar mai koyon tafiya bayan jinya. Idan aka haihu a layinsu, da sassafe zai dama kunun kanwa mai yaji, ya zuba a babban kwano, in ina gida hutu ya ce, "Kai wa mai jego. Ki ce ke kika dama." Na kai irin wannan kunu gidaje da yawa a Barkin Sale, aka yi ta sa mini albarka, ana cewa mijina ya huta. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai sun san hannunka ne." Ya ce, "Su sani daban, a faɗa daban. Mazajensu ba za su so ba."

Idan Yaya zai zo da Salla, Kawu yakan tashi tun asuba. Ya dafa doya, ya sa ni in kirɓa masa sakwara yana tsaye yana ce mini ban kai ba tukuna, ya yi miyar agushi da busasshen kifi, domin ita Yaya ya fi so yana yaro. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera kwanoni, ya sake hula. Yaya ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ajiye masa shadda da turare.

"Ga abinci, Babana." Haka yake kiransa, don sunan mahaifinsa ya ci.

"Na ci a hanya, Baba."

Kowace Salla ya ci a hanya. Kawu ya ce, "To madalla," ya rufe kwanonin, bayan la'asar ya ce in kai wa 'yan acaban bakin layi. Su kam sukan cinye har su aiko da godiya, wani lokacin su ce a gaida Uwargida, domin wasunsu ma a makarantar suka yi.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da shi, ya ɗauke masa hannun dama, ya karkatar masa da baki. Ba zan zalunci Yaya ba. Ya ajiye aikinsa ya dawo, shi yake ɗaukarsa zuwa wanka, shi yake juya shi a gado, shi yake yanke masa farce. Girki kawai ya ɗauko wata mata daga unguwa ta riƙa yi. Idan ta kawo koko, Kawu ya shinshina ya kawar da kai, ya yi ta fama da harshensa har ya fitar da, "Bai nuna ba." Yaya ya tsaya da kofin a hannu, ya dubi ƙofar kicin, ya dubi ubansa. Sai ya kira matar ya ce ta sake.

Ranar addu'ar bakwai Yaya ya sa aka kafa rumfuna aka jera kujeru har bakin titi, aka ɗaura lasifika. Abokan aikinsa suka zo daga Abuja a jerin motoci, tare da wani malami da zai jagoranci addu'a, wanda bai taɓa ganin Kawu ba. Tsofaffin ɗaliban nan ma suka dawo, suka samu kujerun gaba. Mu mata muna cikin gida muna zuba shinkafa a robobi, muna jin komai ta lasifika.

Malamin ya yi salati, ya yi nasiha a kan mutuwa, sannan ya ce, "An gaya mini marigayi malamin makaranta ne, ya ƙarar da rayuwarsa a aji. Alhaji, wane darasi mahaifin naka ya koyar?"

Muka ji ana miƙa makirufo. Ludayin Mama ya tsaya a cikin tukunya. Ni kuwa na ce a raina yau ce.

Yaya ya yi gyaran murya.

"Lissafi."

"Allahu Akbar!" in ji malamin. Ya shiga bayani a kan darajar lissafi, yadda da shi ake raba gado, da shi ake fitar da zakka, da shi ake sanin lokutan salla. Ya ce duk injiniyan da ya gina gada a ƙasar nan, malamin lissafi yana da lada a ciki. Ya roƙi Allah ya sa kowace lamba da marigayi ya rubuta a allo ta zame masa haske a kabari. Amin ɗin da ta fi ƙarfi daga kujerun gaba ta fito. A cikin gida wata ta fashe da dariya ta mayar da ita tari. Mama ta saki ludayin, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Bayan la'asar jama'a suka watse. Na same shi a ƙofar gida shi kaɗai, yana ɗora kujeru a kan juna, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa.

"Yaya, lissafi?"

"Kada ki fara."

"Rabin waɗanda suke zaune a nan sun ci abincin hannunsa. Kowa ya san ƙarya ce."

"Na sani."

"To don me? Ko yau ɗaya ba za ka iya ba? Ya mutu fa, Yaya. Me kuma za su yi maka?"

Ya ajiye kujerar da ke hannunsa, ya zauna a kanta.

"Shi ya sa ni. Kina kasuwa ranar, ke da Mama. Ya kama ni da hannun nan nasa mai lafiya, ya yi ta ƙoƙarin fitar da maganar, yawu yana zuba, ina goge masa. Ya ce abokan aikina za su zo. Ya ce in an tambaye ni in ce lissafi." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Na ce masa Baba ba komai, zan faɗi gaskiya, ni yanzu babu abin da ya dame ni. Wallahi na ce masa. Ya ƙi sakina. Ya yi ta matse mini hannu yana girgiza kai, sai da na yi masa alkawari."

Na ɗauki kujera ɗaya na ɗora a kan 'yar'uwarta, shi ma ya tashi, muka gama tara su.

Yaya ya cika alkawarinsa, ba ni da bakin zarginsa. Ni kuwa Kawu bai kama hannuna ba, ban yi masa alkawarin komai ba.

Ya Allah, ka jiƙan Kawuna, malamin girki da ɗinki da renon yara. Ka yafe masa abin da tsoro ya sa ya yi wa ɗansa, ka sanyaya masa makwanci, ka saukar da shi inda ba za a tambaye shi ya sake wa aikinsa suna ba.